Muryar Amurka, BBC da takwarorinsu: Wane irin gyara ake nufi, kuma wa zai riƙe linzami?

Ranar Asabar 15 ga Maris, 2025, ma'aikatan Muryar Amurka kimanin 1,300 suka wayi gari da saƙon cewa an tura su hutun dole. Kwana ɗaya kafin nan, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin da ya ce a zaftare ayyukan hukumar USAGM, mai kula da kafafen da Amurka ke watsa shirye-shirye da su zuwa ƙetare, a bar iya abin da doka ta tilasta. Tashar da ta fara magana tun 1942 ta yi tsit a harsuna kusan 50, ciki har da Sashen Hausa da aka buɗe a 1979. A lokaci guda aka sanar da yanke tallafin da ake ba Radio Free Europe/Radio Liberty da Radio Free Asia.

Masu sauraro da yawa sun ɗauka abin daga sama ya faɗo, alhali maganar ta daɗe tana tafasa. Fiye da shekara goma 'yan majalisar Amurka na jam'iyyu biyun suna cewa tsarin ya lalace. Birtaniya ta sauya yadda take biyan kuɗin sashen BBC na ƙetare, Faransa ma ta sauya nata, Holan da Kanada da Ostireliya sun rufe ko sun rage nasu. Kowa na kiran gyara, sai dai wasu na nufin a ƙarfafa 'yancin 'yan jarida, wasu na nufin a mayar da tashoshin ƙarƙashin umarnin gwamnati, wasu kuma tsimin kuɗi kawai ke gabansu.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Diflomasiyya ta asali magana ce tsakanin gwamnati da gwamnati: jakada ya gana da minista, a rattaba hannu kan yarjejeniya. Diflomasiyyar jama'a kuwa ita ce gwamnati ta tsallake takwararta ta nemi kunnen mutanen wata ƙasa kai tsaye, don su fahimce ta, su kuma yi mata kyakkyawan zato. Wani tsohon jakadan Amurka, Edmund Gullion, shi ya yayata wannan suna a 1965. A ƙarƙashinta akwai guraben karatu irin shirin Fulbright da aka kafa a 1946, da cibiyoyin koyar da harshe da al'ada irin British Council ta Birtaniya, Goethe-Institut ta Jamus da cibiyoyin Confucius da Sin ta fara buɗewa a 2004.

Watsa shirye-shirye zuwa ƙetare reshe ɗaya ne a cikin wannan aiki, kuma shi ya fi kowane rikici domin 'yan jarida ne ke yin sa. Malamin da ke koyar da Jamusanci ba ya bukatar ya soki gwamnatin Jamus. Ɗan jaridar DW kuwa, ranar da abin kunya ya faru a Berlin dole ya ba da labarin, in ba haka ba gobe babu mai yarda da shi idan ya ba da labarin abin kunyar Mosko.

Daga nan ne ake raba kafafen gida biyu. Akwai waɗanda gwamnati ke biya kuma take juyawa, inda masana harkar jarida ke sanya RT da Sputnik na Rasha da CGTN ta Sin. Akwai kuma waɗanda gwamnati ke biya amma doka ta hana ta sa hannu a labari, inda BBC, DW, RFI da Muryar Amurka ke sanya kansu. Dokar da ke hana jami'in gwamnati kiran edita ya ce a sa kaza ko a cire kaza ita ake kira katangar kariya. Hukumomin Rasha da Sin suna cewa wannan rabe-raben ado ne kawai, mai biyan albashi shi ke da iko ko da doka ta ce me. Kusan duk muhawarar gyara tana komawa kan wannan katanga ne: tsayinta, kaurinta, da wanda ke da ikon rushe ta.

A tsarin Amurka akwai wani bambancin kuma. Muryar Amurka ma'aikatar gwamnati ce, aikinta ba da labaran duniya da bayyana Amurka ga baƙi. Radio Free Europe da Radio Free Asia kuwa kamfanoni ne masu zaman kansu da ke karɓar tallafi daga majalisa, aikinsu su zama madadin jaridun cikin gida a ƙasashen da aka toshe bakin 'yan jarida, wato su ba mutumin Belarus labarin Belarus, su ba mutumin Tibet labarin Tibet.

Yadda aka faro

Yaƙi da gasar manyan ƙasashe ne suka haifi kusan dukkan waɗannan tashoshi. BBC ta buɗe sashen daular Birtaniya a Disamba 1932, ta fara harshen waje na farko, Larabci, a Janairu 1938 don mayar da martani ga rediyon Italiya da ke zuga Larabawa. Muryar Amurka ta fara da Jamusanci ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. DW ta zo a 1953. Sassan Hausa ma a wannan yanayin aka buɗe su, lokacin da ƙasashen Afirka ke shirin samun 'yanci kuma manyan ƙasashe ke zawarcinsu: BBC a 1957, DW da rediyon Sin a 1963.

Tun farkon tafiyar aka fara ja-in-ja tsakanin masu kuɗi da masu makirfo. A 1953 Sanata Joseph McCarthy ya tasa ma'aikatan Muryar Amurka a gaba da zargin akwai 'yan kwaminis a cikinsu. A 1956, lokacin rikicin mashigin Suez, gwamnatin Anthony Eden ta matsa wa BBC lamba ta daina watsa ra'ayin masu adawa da harin da aka kai Masar, har da barazanar rage mata kuɗi, BBC ta ƙi. A wannan shekarar dai aka zargi Radio Free Europe da sa 'yan Hungary su yi zaton ƙasashen Yamma za su kawo musu ɗauki a boren da suka yi wa Tarayyar Soviet, ɗaukin da bai zo ba. Daga baya ya fito fili cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ce ke biyan kuɗin tashar a ɓoye, har zuwa farkon shekarun 1970 da majalisa ta karɓi ɗawainiyar a bayyane.

Waɗannan darussa ne suka sa Shugaba Gerald Ford ya sa hannu kan kundin aikin Muryar Amurka a Yuli 1976. Kundin ya ɗora mata abu uku: ta ba da labari sahihi, cikakke, marar son zuciya, ta wakilci Amurka gaba ɗaya ba wani ɓangare nata ba, ta kuma gabatar da manufofin gwamnatin Amurka a fili tare da muhawara a kansu. Duk wanda ya karanta sharaɗi na farko da na uku zai ga an ba tashar taura biyu ta tauna a lokaci guda. Maganin da aka samo shi ne a ware sharhin da ke bayyana ra'ayin gwamnati, a sanar da shi da sunansa, a bar labarai a hannun editoci. Bai hana rigima ba. A Satumba 2001 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta nemi hana watsa hirar da tashar ta yi da shugaban Taliban, Mullah Omar, amma 'yan jaridar suka watsa wani ɓangarenta.

Tufka da warwara a Washington

Bayan Yaƙin Cacar Baka ya ƙare, dokar 1994 ta tattara tashoshin ƙarƙashin hukumar gudanarwa mai suna BBG. Mutum tara ne a cikinta: takwas da shugaban ƙasa ke naɗawa, ba fiye da huɗu daga jam'iyya ɗaya ba, sai daraktan hukumar USIA, wanda Sakataren Harkokin Waje ya gaji kujerarsa a 1999. A 1999 aka rushe hukumar USIA da ke riƙe da diflomasiyyar jama'a tun 1953, aka mayar da yawancin ayyukanta Ma'aikatar Harkokin Waje, BBG kuma ta zama mai cin gashin kanta. Hikimar ita ce idan jam'iyyu biyu suka zauna a teburi ɗaya, babu wadda za ta mayar da tashoshin kakakinta.

Katangar ta tsaya, amma gudanarwar ta yi rauni. Mambobin ba cikakkun ma'aikata ba ne, kowa da sana'arsa, kujeru kan daɗe babu kowa a kansu, kuma babu mutum ɗaya da za a tuhuma idan abu ya lalace. A Janairu 2013 babban mai binciken Ma'aikatar Harkokin Waje ya ce hukumar ba ta aiki yadda ya kamata. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya gano kusan kashi biyu cikin uku na sassan harsuna suna maimaita juna, misali tashoshi biyu na gwamnati ɗaya suna watsa Rashanci ko Farisanci. Hillary Clinton, tana Sakatariyar Harkokin Waje, ta faɗa wa majalisa a watan nan cewa hukumar kusan ta mutu wajen isar da saƙon Amurka ga duniya.

A 2014 Ed Royce na jam'iyyar Republican da Eliot Engel na Democrat suka kawo ƙudurin da zai haɗe tashoshin madadi wuri ɗaya, ya kuma matso da Muryar Amurka kusa da manufofin harkokin waje. Majalisar Wakilai ta amince, Majalisar Dattawa ba ta ɗauka ba, 'yan jarida da dama kuma suka ce za a mayar da su masu magana da yawun gwamnati. A Disamba 2016 aka bi wata hanyar: a cikin dokar kasafin tsaro aka ɗauke iko daga hukumar aka ba shugaba guda da shugaban ƙasa ke naɗawa, Majalisar Dattawa ta tabbatar. A 2018 aka sauya sunan zuwa USAGM.

Gyaran ya magance ciwo ɗaya ya buɗe wani. Michael Pack, wanda Trump ya naɗa, yana kama aiki a Yuni 2020 ya sallami shugabannin tashoshi da dama a dare ɗaya, daga baya a Oktoba ya soke ƙa'idar da ke fayyace katangar kariya. A Nuwamba na shekarar wata alƙaliyar tarayya, Beryl Howell, ta hana shi tsoma baki a aikin ɗakin labarai. Majalisa ta sake gyara doka, ta kafa kwamitin ba da shawara na jam'iyyu biyu wanda sai da yardarsa za a cire shugaban kowace tasha. Wannan tanadin ne alƙali Royce Lamberth ya dogara da shi a Agusta 2025 ya ce ba a da hurumin tsige daraktan Muryar Amurka, Michael Abramowitz, ba tare da kwamitin ba.

Abin lura shi ne a kowane zagaye majalisa kan sauya wanda ke zaune a saman tsani, amma ba ta taɓa yanke hukunci kan tambayar da ke ƙasa ba, wato ko waɗannan tashoshi gidajen jarida ne da gwamnati ke biya, ko kuwa makaman manufofin waje ne da 'yan jarida ke aiki a ciki.

Hanyoyin da Turai ta bi

A Birtaniya rigimar ta fi karkata kan aljihu. Ma'aikatar Harkokin Waje ce ke biyan sashen BBC na ƙetare har zuwa Afrilu 2014, lokacin da aka mayar da nauyin kan kuɗin lasisin talabijin da magidanta ke biya a cikin ƙasar. A ido, wannan ya nisanta tashar daga gwamnati. A aikace ya sa shirye-shiryen da ake yi wa mutanen Afirka da Asiya suna gasar kuɗi da wasanni da wasan kwaikwayon da masu biyan lasisin ke kallo. A 2015 gwamnati ta dawo da ƙarin fam miliyan 289 na wasu shekaru, aka buɗe sababbin sassa irin Yarbanci, Igbo, Pidgin, Amharik da Koriyanci. A Satumba 2022 kuma aka sanar da rage guraben aiki 382, rediyon Larabci ya rufe a Janairu 2023 bayan shekara 85. Har yau BBC ba ta iya buɗe ko rufe sashen wani harshe gaba ɗaya sai da amincewar Sakataren Harkokin Waje, amma abin da ake faɗa a cikin shirin ba huruminsa ba ne.

Jamus daga baitulmali take biyan DW kai tsaye, sai ta kare 'yancinta ta wajen naɗi. Majalisar kula da tashar tana da mutum 17, bakwai daga gwamnati da majalisun dokoki, goma daga ƙungiyoyin al'umma kamar majami'u, ƙungiyoyin ƙwadago da na masu ɗaukar ma'aikata. Su ne ke zaɓen shugaban tashar, don haka sabuwar gwamnati ba ta iya sauya shi ranar da ta hau. Faransa ta soke kuɗin lasisi a 2022, ta koma ba RFI da France 24 wani kaso daga harajin kayan masarufi.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu son a ɗaure tashoshin da manufofin gwamnati suna da hujja mai sauƙin fahimta. Kuɗin masu biyan haraji ne, kusan dala miliyan 900 a shekara a Amurka kafin rufewar 2025, kuma ba su ga dalilin biyan tashar da za ta soki gwamnatin da jama'a suka zaɓa a gaban baƙi ba. Suna kawo misalan son zuciya a wasu rahotanni, da sakaci wajen tantance ma'aikata, da almubazzaranci. Fadar White House ta zargi Muryar Amurka da karkata ga masu ra'ayin sauyi, Kari Lake da Trump ya ɗora kan hukumar USAGM a 2025 ta ce ba ta gyaruwa.

Masu kare 'yancin tashoshin ba sa musun cewa akwai kurakurai. Hujjarsu ita ce yarda ce kaɗai jarin da waɗannan kafafe ke da shi, kuma mai sauraro a ƙasar da ya saba da rediyon gwamnati ya fi kowa saurin gane muryar farfaganda. Idan ya gane ta zai murɗa akwatinsa, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza. Suna nuni da sashen harshen Uyghur na Radio Free Asia, wanda yana cikin waɗanda suka fara fallasa sansanonin tsare mutane a yankin Xinjiang a 2017, da kuma yadda kafafen gwamnatin Sin da shugabar RT, Margarita Simonyan, suka fito fili suka yi murna da rufewar 2025.

Akwai ɓangare na uku da ba a cika jin muryarsa ba, masu cewa zamanin ne ya wuce. A ganinsu an ƙirƙiro rediyon gajeren zango ne lokacin da labari ke wuyar samu, yanzu kuwa waya na hannun kowa, gara a zuba kuɗin a kafafen cikin gida masu zaman kansu da manhajojin tsallake toshewar intanet. Hujjar tana da ƙarfi a birane. Rauninta shi ne gwamnati na iya kashe intanet ko rufe tashar FM cikin sa'a guda, abin da ba ta iya yi wa gajeren zango cikin sauƙi. Shi ya sa BBC ta koma watsa shirye-shirye ta gajeren zango zuwa Yukren da wasu sassan Rasha a Maris 2022, ta kuma buɗe shirin rediyo na gaggawa ga Sudan a 2023.

Wani abin da ke tsawaita gardamar shi ne wahalar auna nasara. A 2024 USAGM ta ce tana isa ga mutum fiye da miliyan 400 a mako, amma alƙaluman daga binciken da ita kanta ke ɗaukar nauyi suke fitowa, kuma yawan masu sauraro ba ya nuna ko ra'ayinsu ya sauya.

Inda abin ke taɓa mai sauraro

Abu na farko da ke faruwa idan tasha ta janye shi ne wani ya shige gurbin. Bayan Ostireliya ta kashe gajeren zangonta a Janairu 2017, rediyon Sin ya karɓi wasu daga cikin mitocin da ke isa tsibiran tekun Pasifik. Shugaban BBC na lokacin, Tim Davie, ya ce a 2024 wata kafar da Rasha ke marawa baya ce ta hau mitar da sashen Larabci ya bari a Labanon. Ƙananan gidajen rediyo da suka saba karɓar labaran duniya kyauta daga Muryar Amurka ko BBC sai sun cike wannan lokacin da wani abu, kuma akwai masu ba da shirye-shirye kyauta da ke jira a bakin ƙofa. Ga mai sauraron Hausa, gasar ta riga ta faɗaɗa: RFI ta shigo a 2007, TRT Afrika ta Turkiyya a 2023, ga na Sin da Iran. Yawan muryoyi na da amfani ga mai kwatanta labari da labari, amma kowace da ma'aunin da take bi wajen faɗin laifin mai biyanta.

Abu na biyu ya shafi hujjar rufewa. Mali ta dakatar da RFI da France 24 a Maris 2022, Burkina Faso ta bi sahu, Nijar ta yi haka a Agusta 2023. Burkina Faso ta dakatar da BBC da Muryar Amurka na mako biyu a Afrilu 2024 kan rahoton kisan fararen hula, Nijar ta dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. Zargin da ake yawan yi shi ne waɗannan kafafe 'yan aiken gwamnatocinsu ne. Duk gyaran da ya matso da tasha kusa da ma'aikatar harkokin waje yana ƙara wa wannan zargi nauyi. Haka ma ramuwar gayya tsakanin manya: Birtaniya ta soke lasisin CGTN a Fabrairu 2021, Sin ta hana talabijin ɗin BBC, Jamus ta hana RT ta Jamusanci a 2022, Rasha ta rufe ofishin DW a Mosko.

Abu na uku mutanen da ke aikin ne. Da yawa daga ma'aikatan sassan harsuna baƙi ne da takardar izinin zamansu ke rataye da aikin, wasunsu daga ƙasashen da komawa ke nufin gidan yari. Wakilan da ke aiko rahoto daga garuruwansu sun fi kowa shiga haɗari, domin sunan babbar tasha na daga cikin abin da ke sa hukuma ta yi tunani kafin ta kama su.

Abin da ke kan teburi

A Amurka tambayar da ta je kotu ta tsarin mulki ce: shin shugaban ƙasa na iya dakatar da abin da majalisa ta kafa da doka ta kuma ware masa kuɗi? A Afrilu 2025 alƙali Lamberth ya umarci a maido da ayyukan Muryar Amurka, gwamnati ta ɗaukaka ƙara. A Mayu Tarayyar Turai ta ba Radio Free Europe agajin gaggawa na yuro miliyan 5.5. A Yuni, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da Iran, gwamnatin da ta tura ma'aikatan sashen Farisanci hutu ita ta kira su cikin gaggawa su dawo bakin aiki.

Shawarwarin da ke yawo tsakanin masu nazarin harkar ba su da yawa. Akwai ba da kuɗi na shekaru da dama a dunƙule don kada a riƙa amfani da kasafin kowace shekara wajen ladabtar da tasha. Akwai raba aikin jarida da aikin bayyana matsayin gwamnati zuwa hukumomi biyu dabam, da haɗe sassan da ke maimaita juna, da raba ikon naɗi tsakanin hannaye da yawa kamar yadda Jamus ta yi. A Birtaniya, kundin sarauta da BBC ke aiki da shi zai ƙare ranar 31 ga Disamba, 2027, kuma shugabannin tashar sun nemi gwamnati ta sake ɗaukar cikakken nauyin sashen ƙetare kamar yadda take yi kafin 2014.